Ɗaya Bisa Ashirin

Shekarar da na gama aji uku na ƙaramar sakandare ce aka sauya mana jarrabawa. Kafin nan malamanmu ne ke fitar da tambayoyi, su duba, su rubuta maki bisa ɗari, sannan a ƙasan kati su saka ko ka zo na nawa a aji. Kowa a ƙauyenmu ya gane wannan, har kakata da ba ta taɓa riƙe biro ba. Sai aka ce a bana duk makarantun gwamnati takarda iri ɗaya za su rubuta, a rana ɗaya, kuma ba malamanmu za su duba ba, kwashewa za a yi a kai birni na'ura ta duba. Mun sha horo a kan yadda ake cike 'yan gurabun amsa da fensir, kar a haura, kar a goge har takarda ta huje. Amma babu wanda ya tuna ya faɗa mana yadda sakamakon zai zo. Ina zaton su kansu malaman ba su sani ba a lokacin.

Ƙauyenmu yana gefen Lolo, inda mutum zai kwana a Najeriya ya yi noma a Benin ya dawo cin tuwo. Babana manomin shinkafa ne, mai tsadar magana. Inna kuwa 'yar ƙetare ce, duk danginta suna can, kuma daga wajensu na gado bakina. Ni ce yarinyar da ake aika ɗebo ruwa ta dawo da labarin gida uku.

Babbar sakandare a Bagudo take, sai an haye kogi, sai an samu gidan da yarinya za ta zauna. Ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. A ɗaya gefen kuma akwai ƙanwar Inna, wadda muke kira Yafendo, mai sana'ar bandar kifi a ƙetare. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ina ƙarama take roƙon a ba ta ni. Baba ya yanke magana a gaban kowa: idan na ci jarrabawa zan wuce Bagudo, idan ban ci ba in koma wajen Yafendo in koyi sana'a. Ba horo ba ne, kowa ya san zan ji daɗi a hannunta. Ni dai Bagudo nake so, so irin wanda ke hana yarinya cin abinci. Sau ɗaya na taɓa zuwa, na ga 'yan mata sanye da fararen hijabai suna fitowa daga makaranta da littattafai a rungume, tun daga ranar ban sake ganin kaina a wata siffa ba.

Sakamakon ya zo ana tsakiyar damina, makaranta na hutu. Takarda guda ce doguwa aka aiko wa makarantar baki ɗaya, kowane ɗalibi da layinsa. Shugaban makarantarmu mutumin Zagga ne, gonarsa na jiransa, don haka ya sa reza ya yanka wa kowa layinsa, ya rubuta sunan kowane darasi da biro a saman lambarsa, ya damƙa wa mai unguwa ya raba, ya hau babur ya tafi. Abin da ya iso gidanmu bai fi faɗin yatsa biyu ba. Babu bisa ɗari, babu na nawa a aji. Hausa ɗaya, addini ɗaya, lissafi biyu, Turanci biyu, kimiyya uku, noma shida.

Baba ya juya 'yar takardar gaba da baya, ya miƙo mini, na juya ni ma. Da yake ranar kasuwar Lolo ce, Inna ta ce a bari Kawu ya iso.

Kawu yayan Inna ne. Ya yi lakwal a ƙetare, wato makarantar Faransanci, kuma shi ne mai karanta wa danginmu duk wata takarda, daga ta asibiti har rubutun jikin buhun taki. Yana da tabarau da ba ya fitowa daga aljihu sai an taru. Ina son Kawu har gobe, amma ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Kafin ya gama shan fura, iyayen sauran 'yan ajinmu sun ji labarin ya iso, sun cika zauren da nasu 'yan takardun. 'Yan kaɗan ɗin da suka yi babbar sakandare a ƙauyenmu duk suna birane neman abinci, kuma ko suna nan ban ga wanda zai ja da Kawu ba.

Ya jera takardun a kan tabarma, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sai fuskarsa ta washe.

"Wanga ai sananne na," in ji shi. "Bisa ashirin na, awa namu na lakwal. Goma ita ar rabi. Wanda bai kai goma ba ya hwaɗi."

Har da yaba wa Najeriya ya yi, wai a ƙarshe ta dawo kan hanya ta koyi lissafin masu hankali. Sannan ya ɗauki tawa, ya dube ta, ya dube ni ta saman tabarau, murnar ta gudu daga fuskarsa.

"Ɗiyata, Hausa ɗaya bisa ashirin? Ke da ba ki ruhe baki?"

Ban tsaya kunya ba. Na ce ba zai yiwu ba, na ce wataƙila ɗaya ɗin nan na ɗaya a aji ake nufi. Kawu bai yi fushi ba, a hankali ya kashe mini baki. Ya nuna mini takardun yara biyu da kowannensu ya samu uku a kimiyya kamar ni, ya tambaye ni ko mutum uku na iya zuwa na uku a aji guda. Ya kuma tambaye ni mu nawa ne a ajin, tun da babu wanda lambarsa ta wuce tara. Na ce to na'urar ce ta haukace. Ya ce na'ura ba ta san 'yar wane ba, malaman da suka saba ba ni maki ne suka san ni. Wannan maganar ce ta shige ni. Na tsaya a tsakiyar zaure ina tunanin ashe duk shekarun nan surutuna ne ake saka wa maki.

A lissafin Kawu duk ƙauyen mun faɗi, amma akwai wanda ya faɗi da daraja. Ɗan Goggo, taubashina, wanda ke barci a aji tun daga darasi na biyu, shi ne ya kwaso takwas da tara da tara. Kawu ya ce saura ƙiris ya kai rabi, kuma a shekara mai tsauri irin wannan wanda ya samu tara gwarzo ne. Washegari Goggo ta soya waina ta raba gida-gida. Shi kuwa, da yake tsakaninmu akwai wasan taubasantaka, ya samu abin yi. Duk inda ya gan ni sai ya gaishe ni da Hausa a hankali, kalma-kalma, wai don in gane. Ya ce idan ina so zai riƙa yi mini darasi da yamma, ba zai karɓi komai ba saboda zumunci. Na jefe shi da ludayi, na same shi kuwa.

Abin da ban manta ba shi ne yadda gidanmu ya lallaɓa ni. Babu wanda ya yi mini faɗa. Inna ta dama mini fura ta zuba nono fiye da na kowa. Kakata ta ce ai noma shida ba abin rainawa ba ne, jinin gidan ne ya fito, boko kuwa dama baƙo ne. Baba kuwa da ya dawo daga gona ya ajiye mini gasasshiyar masara a gefen tabarmata ya wuce. Da sun zage ni da na samu wanda zan yi wa tsiwa. Da suka yi mini haka sai kuka kawai.

Babu wanda ya yi tunanin kiran shugaban makaranta a waya. Ba a shakkar karatun Kawu, kuma a wajen Baba abin kunya ba a waya ake maganarsa ba.

Bayan an gama cirar shinkafa Kawu ya ɗauke ni a babur ya kai ni ƙetare. Yafendo ta tarye ni tun daga bakin hanya, tana ƙoƙarin yin fuskar jaje, fuskar na ƙin ba ta haɗin kai. Ta ce in yi haƙuri, haka Allah ya so, tana faɗa baki har kunne.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin zaman. Da sassafe muke sauka bakin kogi mu tari masunta. Ta koya mini yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyar a baki kafin a ɗora a kan ragar waya ta banda, da irin itacen da hayaƙinsa ke sa kifi ya yi ja mai kyau, da wanda ke sa shi ɗaci. Ta koya mini in gane kifin da ya bushe har ciki ta hanyar ƙwanƙwasa shi kusa da kunne. A kasuwa duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Ɗiyata ta," ba ta ƙara bayani. Bakina da aka ba ɗaya bisa ashirin shi ya riƙa sayar mata da kifi kafin rana ta take, da Hausa da Dandanci da guntun Fillanci. Sai dai duk safiyar da na ga yaran lakwal sun wuce da jakunkuna nakan juya baya in shiga hura wuta, ko da wutar ba ta bukatar hurawa.

Abin da ya faru a gida ba a gabana aka yi ba. Daga baya na ji shi daga bakin Baba a taƙaice, na kuma ji daga bakin shugaban makaranta da ƙari da gishiri.

Mutanenmu suna da wata ɗabi'a. Idan shanunka suka shiga gonar wani, ko ɗanka ya yi ɓarna, ba ka jira a kira ka. Kai za ka sa riga ka ɗauki goro ka je ka ba da haƙuri, tun mai gonar bai buɗe baki ba. Baba ya ɗauki faɗuwata a wannan matsayin. A ganinsa malamai sun yi shekara uku suna zuba wahalarsu a kaina, na tattake ta. Don haka ranar da aka koma makaranta ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki goro da ƙunshin kifin da ni kaina na yi bandarsa na aiko gida, ya nufi ofishin shugaban.

Malam ya gan shi da kaya ya ɗauka godiya ya zo yi, har yana cewa dama yana ta cigiyarmu. Suka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi ruwa. Sannan Baba ya sunkuyar da kai.

"Malam, na taho ba ku hanƙuri. Kun yi wahala da yarinyar ga, ta saka muku da ɗaya da biyu."

Malam ya ce ya ɗauka wasa ne, sai ya tuna wannan mutumin ba ya wasa.

"To mi kaka so ta samo da ya hi ɗaya?"

Baba ya ce ko goma ce ai da ta rufa asiri, tun da bisa ashirin ne. Malam ya tambaye shi wa ya ce bisa ashirin ne, sannan ya tambayi inda nake. Da ya ji ina ƙetare ina bandar kifi, wai sai da ya dafe kai da hannu biyu. Ya jawo durowa ya fito da gindin doguwar takardar nan, wanda ya rage bayan ya yanke layukanmu. A nan aka rubuta bayanin komai, kuma shi kaɗai ne bai shiga hannun kowa ba.

Ya yi ta bayani da Turancin takardar, Baba na kallonsa. Da ya ga maganar ba ta shiga sai ya tambaye shi yadda 'yan kasuwa ke kiran shinkafar da ta fi kowace kyau, wadda ba tsakuwa ba karaya. Baba ya ce lamba ɗaya. Ya tambaye shi ko buhu goma na iya zama lamba ɗaya gaba ɗayansu. Baba ya ce sosai ma, idan gona ta yi kyau. Malam ya ce to haka sabuwar jarrabawar take. Ba ta gwada yaro da ɗan'uwansa, ba ta cewa wane ya fi wane. Mataki tara ta yi, ɗaya a sama tara a ƙasa, kowa ta ajiye shi inda aikinsa ya kai. Ya ce a makarantar kaf babu wanda ya kama ƙafata, kuma a ƙarshen makon nan zai aika sunayen masu wucewa Bagudo, wanda iyayensa ba su zo ba sai dai wata shekarar.

Malam ya ce Baba ya miƙe bai yi sallama ba, ya kai ƙofa, ya dawo ya ajiye goron da kifin a kan tebur, ya ce tun da an riga an kawo. Shi Baba ya musa wannan, ya ce ya yi sallama.

Ina tsugune gaban banda da rana tsaka na ji muryarsa a ƙofar gida. Da yake Baba ba ya barin gona a irin wannan lokacin sai da dalili, na ɗauka wani abu ne ya sami kakata. Ya shigo da rigar Juma'a duk ta sha taɓo har gwiwa. Yafendo ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Kuma mutumin nan, da wannan labarin a cikinsa, sai da ya gaishe ta tsaf. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi kifi, ya tambayi maƙwabta har da wata tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ina tsaye da wuƙa a hannu kamar in yi ihu. Sai da ya sha ruwa ya ajiye kwanon sannan ya dube ni.

"Ke, ashe ɗaya ita ag gaba. Kin ci. Haɗa kayanki."

Ban gane ba sai da ya maimaita bayanin shinkafar, shi ma da nasa salon. Da maganar ta shige ni sai na zauna a ƙasa daɓas na kama dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa. Abu na farko da na iya faɗa shi ne, ashe Hausata lamba ɗaya ce. Baba ya ce wannan ai tun ina goye unguwa ta sani. Ban taɓa jin ya yi barkwanci ba kafin ranar.

Aka aika aka kira Kawu, gidansa ba nisa. Ya zo, ya saurara, ya fito da tabarau ya sa ko da yake babu abin karantawa. Na zuba ido in ga yadda zai yi, don ina da bashin magana a kansa. Sannan ya girgiza kai.

"Ingilishi dai komi nasu baibai na. A ce ɗaya ta hi tara?"

Daga nan ya juya ya ce shi dama tun ranar zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya san 'yar ƙanwarsa ba za ta faɗi ba. Na buɗe baki, Yafendo ta taka mini ƙafa. Amma in ba shi haƙƙinsa: a ranar ya hau babur ya koma ƙauyenmu, ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana warware karatun da ya yi musu. Yara da dama da aka riga aka yi wa jaje suka wayi gari sun ci. Gidan Goggo ne ya bari a ƙarshe, kuma ya daɗe a ƙofar kafin ya yi sallama. Taubashina ya karɓi labarin fiye da kowa. Ya ce shi kansa abin ya ɗaure masa kai, don ya san rabin gurabun nan ido rufe ya cike su. Ya ce wainar dai an riga an cinye, babu mai amayo ta. Ya sake zama ajin, ya wuce a shekara ta biyu, yau injin casar shinkafa gare shi, kuma har yanzu idan muka haɗu a hankali yake gaishe ni.

Baba ya ce a ranar za mu koma, don gobe da safe a je wajen Malam. Yafendo ce ta fara rangaɗa guɗa da aka faɗi labarin, ita ce kuma ta shiga haɗa mini kaya. Ina ta zuba surutu, ina lissafa abin da zan yi a Bagudo, sai can na lura ni kaɗai ke magana. Tana ninke zannuwan da ta saya mini ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowanne kafin ta saka a jaka. Ta zaɓo kifi mafi kyau cikin na kasuwar gobe ta ɗaure mini, ta ce in kai wa matar gidan da zan zauna, kar in je hannu biyu. Sai a lokacin na gane cewa a gidan nan akwai wadda sakamakon bai yi wa daɗi ba, kuma ita ce ta fi kowa yi mini murna. Kunya ta kama ni.

Ta raka mu har inda hanyar babur ta fara. Ta ɗora mini jakar a cinya, ta gyara mini hijabi, ta riƙe hannuna ba ta saki ba har Baba ya tayar da babur.

"Tahi ki yi karatunki," ta ce. "Amma in sunka sake lissahi sunka ga kin hwaɗi, ɗakinki na nan."

Ba su sake lissafi ba. Ɗakin kuwa ba ta taɓa zuba kifi ko itace a cikinsa ba, ko a shekarun da wuri ya yi mata kaɗan. Duk hutu can nake fara sauka kafin in isa gida, kuma har yau idan na je a cikinsa nake kwana.